Haƙƙin Mutum Ɗaya a Cikin Dubu Ɗari

GABATARWA

Masu iya magana sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. To amma idan aka wayi gari ruwan nan mutum ɗaya tak ya daka, sauran jama'a kuwa ko yayyafi ba su gani ba, shin wajibi ne su bar abin da suke yi su nema masa wurin fakewa? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna a cikin wannan ɗan rubutu. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da wahalar haihuwa suke ɗauke rayuka ba dare ba rana, wane haƙƙi ne mai cutar da ba a saba gani ba yake da shi a kan likita, da hukuma, da mu da Allah ya ba damar zama a aji?

Magana a kan "jama'a" da "cututtuka" a dunƙule tana da daɗin baki, domin kowa sai ya yanke hukunci ya wuce abinsa. Saboda haka na ga ya fi kyau in ɗauki cuta ɗaya da gari ɗaya in auna tambayar da su. Garin shi ne Dogon Dawa ta ƙasar Birnin Gwari, inda aka yanke mini cibiya. Cutar kuwa ita ce wadda likitoci suke taƙaita sunanta da haruffan IIH, wadda a nan zan kira ta hawan ruwan kai, bisa kwaikwayon yadda Bahaushe ya ce hawan jini.

MECE CE WANNAN CUTA?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba a bushe take zaune cikin ƙoƙon kai ba. Tana cikin wani ruwa ne garai-garai, wanda ya kewaye ta, ya kuma gangara cikin ƙashin baya tare da laka. Yawansa a jikin baligi kimanin mililita 150 ne, amma jiki yana yin sabo wajen mililita 500 kowace rana, yana kuma shanye tsohon ya mai da shi cikin jini. Muddin shiga da fita sun daidaita, lafiya lau. In kuwa ruwan ya rasa mafita yadda ya kamata, to ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa kamar salka, sai matsi ya ƙaru a ciki. Abubuwa da dama suna kawo irin wannan matsi, kamar ƙari a ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko daskarewar jini a manyan jijiyoyin kai. Amma akwai mutanen da za a bincika duk waɗannan a ga babu ko ɗaya, ga shi kuwa matsin ya hau. Su ne masu wannan cuta.

Alamarta ta farko ciwon kai ne mai naci, wanda yakan yi watanni yana tafiya yana dawowa, sau da yawa ya fi tsanani in an kwanta ko an yi tari. Mai ita takan ji wani shuu, shuu a kunne, yana tafiya daidai da bugun zuciya. In ta sunkuya ko ta miƙe tsaye, sai gani ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan ya dawo. Wani lokaci takan ga abu ɗaya ya zama biyu. Babban haɗarin kuwa yana ga jijiyar gani, domin matsin yakan sa ta kumbura a can cikin ido, gani ya riƙa raguwa daga gefe-gefe ba tare da mai shi ta lura ba. Abin da jijiyar ta rasa bayan ta shanye, ba ya dawowa.

Na ce "ta" da gangan, domin cutar mata ta fi kamawa, musamman masu shekarun haihuwa waɗanda ke da jiki, ko waɗanda suka yi ƙiba cikin ɗan lokaci. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka da Kanada, wanda aka buga a 2014, cikin marasa lafiya 165 mata ne 161. A ƙasashen da aka ƙidaya, sababbin masu kamuwa a shekara sukan kama daga mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000, amma cikin mata masu jiki 'yan shekarun haihuwa adadin yakan kai wajen 20. Wannan ba cutar Turawa kaɗai ba ce, don binciken da aka yi a Bangazi ta ƙasar Libiya ya ba da lissafi mai kama da wannan. A Ingila kuwa an ga adadin ya ninka tsakanin 2002 da 2016.

Kafin likita ya tabbatar da ita, sai ya leƙa cikin ido ya ga kumburin, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a ga babu ƙari ko daskararren jini, sa'an nan a sa allura a gadon baya a auna ƙarfin ruwan. In ma'aunin ya wuce santimita 25, ruwan kuma tsabtatacce ne, to an kama bakin zaren. Akwai magani, asetazolamaid, wanda aka fi sani da Diamox, mai rage yawan ruwan da jiki ke yi. Rage ƙiba yana sassauta ta ƙwarai, har wasu su rabu da ita. In ido ya shiga haɗari, akan yi aiki a buɗe wa ruwan hanya. Watau dai cuta ce da ake iya tsare idon mai ita, in an gane ta da wuri.

SUNA LINZAMI

Tarihin sunayen wannan cuta shi kansa darasi ne ga mu masu nazarin harshe. Wani likita Bajamushe, Heinrich Quincke, shi ya fara bayyana ta a 1893, ya ɗauka wani irin sanƙarau ne marar ruɓa. A 1904 wani Bajamushen, Max Nonne, ya ba ta sunan da ke nufin ƙari na ƙarya, domin tana nuna alamun ƙari alhali babu shi. A 1937 Walter Dandy na Amurka ya tsara sharuɗɗan gane ta. A 1955 kuwa sai aka fara kiranta da wani suna mai nufin matsin kai marar lahani, tun da an ga ba ta kisa kamar yadda ƙari ke yi.

Wannan suna na ƙarshe ya daɗe a bakin likitoci. Sai a 1982 aka buga wani bincike da ya bi diddigin marasa lafiya 57 na tsawon shekaru, aka tarar 14 daga cikinsu sun makance ko sun yi mummunan rashin gani a ido ɗaya ko duka biyun. Daga nan aka ga kalmar "marar lahani" ba ta dace ba, aka koma ga sunan da ake amfani da shi yau, wanda kalmarsa ta farko, idiyofatik, take nufin ba a san sanadinta ba. Mai karatu ya duba wannan da kyau. Likitan da aka koya wa cewa cuta ba ta da lahani ba zai yi gaggawa a kanta ba, kuma a cikin jinkirin nan ne ido ke tafiya. Ashe suna yana iya jawo wa mutum makanta. In sunan da bai dace ba ya yi wannan ɓarna a inda ake da asibitoci, ina ga inda cutar ba ta da suna ko kaɗan?

DAGA DOGON DAWA ZUWA GABAN LIKITA

Dogon Dawa tana kan hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari ta nufi Funtuwa, ƙasa ce ta noman masara da dawa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Birnin Gwari mutum sama da 250,000. In lissafin da aka samu a wasu ƙasashe ya yi daidai da namu, ke nan kowace shekara akwai mutum 2 ko 3, ko fiye, da wannan cuta take kamawa a ƙasarmu. Su wane ne, kuma ina suke zuwa?

Akwai wata ƙanwata ta dangi da na ga yadda tata ta kasance. Bayan aurenta ta yi jiki, kowa yana yaba mijinta da iya riƙo. Sai ciwon kai ya sa ta gaba. Mai kemis ya ce zazzaɓi ne, ya ba ta magani. Da bai tafi ba ya ce taifot ne. Wanzami ya yi mata ƙaho. Da ta ce tana jin ƙara a kunne, tana kuma ganin mutum ɗaya ya zama biyu, sai tsofaffi suka ce ai wannan ba ta asibiti ba ce, iska ce, aka shiga hayaƙi da ruƙiyya. A cikin gida kuwa wasu suna cewa son jiki ne, tun da ba ta zazzaɓi, ba ta rame ba, ba ta da rauni. An fi shekara a haka. Sai da ta fara tuntuɓe da kwanuka a tsakar gida sa'an nan aka kai ta wani asibitin ido a birni, inda likita ya haska cikin idonta na 'yan mintoci ya ga abin da ke nan. An ceci ido ɗaya. Ɗayan kuwa saura ɗan kaɗan.

Ban kawo wannan labari don in zargi kowa ba. Mai kemis ya faɗi abin da ya fi gani ne kullum, kuma sau tara cikin goma gaskiyarsa ce. Tsofaffi sun yi abin da suka gada, da zuciya ɗaya. Hanya kuma ba ta taimaka ba. Wuraren da ake iya wannan bincike, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, suna da nisa ga talaka ko da a lokacin zaman lafiya. Mu kuwa tun harin da aka kai wa masallata a Dogon Dawa cikin watan Oktoba na 2012, inda aka kashe mutum wajen 20, muka yi shekaru fita daga gari sai da addu'a. A ƙarshen Satumba na 2021 an rufe layukan waya a yankin na kusan wata 2 saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sai a ƙarshen 2024, bayan sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Magidancin da zai sayar da buhun masara ya bi ta bakin daji saboda ciwon kai, wanda kowa ya ce masa ba kome ba ne, lalle sai ya sami dalili mai ƙarfi. Ilimi shi ne wannan dalili, shi ne kuwa babu.

HUJJAR MASU LISSAFI

Yanzu bari mu saurari wanda zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, kuma kada mu raina shi, don hujjarsa tana da nauyi. Zai ce kuɗin lafiya kaɗan ne, ma'aikata kaɗan ne. Kuɗin hoton ƙwaƙwalwar mace ɗaya zai sayi gidan sauro ga gidaje masu yawa. Malamin asibitin ƙauye da ke fama da yara masu suma da mata masu zubar jini, in ka cika masa kai da cutar da watakila ba zai gan ta ba har ya yi ritaya, ka rage masa lokacin waɗanda ke gabansa. Adalci, in ji shi, shi ne a ceci mafi yawa. Wanda ya bar ɗari ya bi ɗaya, tausayi ne ya rinjayi hankalinsa.

Na yarda da shi a kan abu guda. In ana rabon kuɗin hukuma, dole a fara da abin da ya fi kisa, kuma ba zan ce a kai na'urar hoton ƙwaƙwalwa Dogon Dawa alhali babu ungozoma ba. Amma hujjar tasa ta ginu ne a kan zaton cewa abin da mai cutar nan take bukata a ƙauye shi ne na'ura mai tsada. Ba haka ba ne. Abin da take bukata a matakin farko shi ne wani ya yi zargin cutar, ya leƙa cikin idonta, ya tura ta gaba. 'Yar fitilar da ake leƙa ido da ita tun 1851 Helmholtz ya ƙago ta, tana shiga aljihu. Kuma leƙawar nan ba wannan cuta kaɗai take tonawa ba. Da ita ake ganin ɓarnar hawan jini da ciwon sukari da hawan jinin ido, da ita ake zargin ƙari a ƙwaƙwalwa. Ke nan wanda aka koya wa duba ido saboda mutum ɗaya, ɗarin ma sun amfana.

Abu na biyu, lissafin nasa bai cika ba. Kowace cuta daga cikin waɗanda ba a saba gani ba, in ka ware ta ita kaɗai, masu ita ƙalilan ne. Amma an san irinsu sun haura 6,000, kuma an ƙiyasta masu fama da su a duniya sun kai wajen miliyan 300. Wannan ne ya sa tun 2008 ake ware ranar ƙarshe ta watan Fabrairu don tunawa da su, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta zartar da ƙuduri a kansu a watan Disamba na 2021. Wanda ya ce a bar kowace domin ba ta da yawa, in ya gama barinsu ɗaya bayan ɗaya, zai waiwaya ya ga al'umma guda ya bari.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna. Lissafi yana gaya wa hukuma inda za ta kai kuɗi, amma ba ya sauke wa maƙwabci nauyin maƙwabcinsa. Matar da idonta ke rufewa ba kashi ɗaya cikin dubu ɗari na makanta take yi ba, makanta take yi ɗungurungum, 'ya'yanta kuma su ne za su zama 'yan jagora. Malamanmu sun raba wajibi kashi biyu, da wanda ke kan kowa, da wanda in wasu sun yi ya faɗi a kan saura, in kuwa babu wanda ya yi kowa ya yi laifi, kamar sallar gawa. Imam Gazali ya sa ilimin likitanci cikin wannan kashi na biyu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya yi rubutu a kan maganin ciwon ido. A ganina sanin cututtukan da ba a saba gani ba nan ne gurbinsa. Ba a ce kowa a Dogon Dawa ya san hawan ruwan kai ba. Amma in a duk ƙasar Birnin Gwari babu mutum ɗaya da zai ji alamun ya ce a tafi a duba ido, to laifin ya hau kan duk wanda yake da halin sani bai nema ba.

MAI CEWA "BA A SANI BA" DA MAI AMSA KULLUM

Akwai wata matsala da ta shafi gaskiya. Likita na gari zai gaya wa marar lafiya cewa wannan cuta ba a san asalin abin da ke kawo ta ba, kuma maganinta na watanni ne ko shekaru. Boka kuwa ba ya rasa amsa. Ya san wanda ya yi, ya san ranar da aka yi, ya san inda aka binne. Zuciyar ɗan Adam, musamman a cikin ciwo, ta fi karkata ga mai amsa. Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi, ya yi wani rubutu a 1981 a kan muhimmancin fahimtar rashin sani a harkar magani a ƙasar Hausa, inda ya nuna yadda marasa lafiya suke bin masu magani iri iri ba tare da sun damu da sanin yadda kowane yake aiki ba. A irin wannan kasuwa, mai faɗin iyakar saninsa shi ke rasa ciniki.

Shin sai likita ya ƙago sanadi don ya riƙe marar lafiya? Ni dai na ce a'a. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a kan 32, wannan kuwa bai rage masa daraja ba. Abin da ya kamata a fahimtar da mutane shi ne rashin sanin sanadi daban, rashin sanin magani daban. Manomi bai san abin da ke juya iska ba, amma ya san lokacin shuka. An san abin da cutar nan take yi wa ido, an san yadda ake auna ta, an san abin da ke sassauta ta. An kuma san wasu abubuwan da ke tayar da irin wannan matsi, kamar maganin tetarasaikilin da danginsa, waɗanda ake saye a kemis kamar gyaɗa, da yawan shan bitamin A. Ƙiba ta gaggawa ma tana ciki, abin da ya kamata ya ja hankalin 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe kafin biki. Likitan da ya ce "ba a san sanadi ba" ya tsaya a nan, ya faɗi gaskiya amma ya tura marar lafiya wurin boka. Haƙƙinta ne ya ci gaba ya ce, "Amma ga abin da aka sani, ga kuma abin da za mu yi."

Haka nan maganar rage jiki tana bukatar hikima. A wurinmu ƙibar matar aure shaidar kwanciyar hankali ce, ramarta kuwa abin gori ga miji. In aka ce wa mace ta rage jiki ba a zauna da mijinta da uwar mijinta ba, an ɗora mata yaƙin da ba za ta iya ita kaɗai ba. In kuma aka faɗa mata ta yadda za ta ji ita ta jawo wa kanta, an haɗa mata ciwo da kunya. Mata masu jiki dubbai ne, ƙalilan ne cutar ke kamawa, ke nan ba laifin kowa ba ne.

A WUYAN WA?

Ilimin wannan cuta yana nan a duniya, ba ɓoye shi aka yi ba. A Ingila akwai ƙungiyar masu fama da ita mai suna IIH UK, wadda ta haɗa kai da likitoci aka fitar da ƙa'idojin kula da cutar a 2018. Marasa lafiya a can suna haɗuwa suna ba juna shawara da haƙuri, kuma duk wanda yake da waya yana iya karanta abin da suka rubuta. To amma da Turanci yake, kuma wanda bai san sunan abin da yake nema ba, ko a kasuwar ƙauye ba ya samunsa, balle a intanet. Abin da zai iske matar Dogon Dawa da harshenta a wayar mijinta shi ne tallar mai maganin da ke warkar da cuta 99.

Nan ne maganar ta iso kanmu, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Mu ne muke tsaye tsakanin harsunan biyu. Mukan yi gardama mai zafi a kan ƙa'idojin rubutu da karin waƙa, kuma hakan yana da kyau, amma harshen da ba shi da kalmar da mace za ta faɗi ciwonta da ita a gaban likita, aikinsa bai ƙare ba. Wanda ya fara cewa hawan jini ya yi wa Hausawa aikin da asibiti guda ba zai yi ba, domin yau tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba takan ce a auna mata jini. Ƙungiyar Hausa tana iya zama da ɗaliban likitanci a daidaita irin waɗannan sunaye, a rubuta bayani gajere, a kai wa gidajen rediyo da malaman asibitocin ƙauye da makarantun Islamiyya na matan aure. Saƙon da ake bukata a kan wannan cuta bai fi numfashi biyu ba. Ciwon kan da ya ƙi tafiya, tare da ƙara a kunne mai bin bugun zuciya, ko ɗaukewar gani, ko ganin abu biyu, a je a leƙa cikin ido, kada a jira.

Sai dai akwai iyaka, kuma dole in faɗe ta. Ɗalibin da ya karanta shafi biyu ya koma gida yana raɗa wa kowane ciwon kai suna, yana aika yara kemis su sayo Diamox, ya zama wani bokan ke nan mai takalmi. Mafi yawan ciwon kai ba wannan cuta ba ce, alamun nan kuwa suna iya zama na abin da ya fi ta haɗari, kuma maganin yana da nasa illoli. Aikinmu nuna hanya ne da rakiya. Ɗan gari da ke karatu a Zariya, wanda ya san ƙofar da ake shiga a Shika, ya san inda ake yankar kati, yana iya tsayawa ya fassara wa marar lafiya abin da likita ya ce, ya kwantar mata da hankali a kan allurar gadon baya da mutanenmu suke tsoro, ya yi sadakar da kuɗi ba su saye.

KAMMALAWA

Amsata ga tambayar da na fara da ita ita ce, mai cutar da ba a saba gani ba ba ta da haƙƙin a ƙwace rabon masu yawa a ba ta, amma tana da haƙƙoƙin da ba sa rage wa kowa kome. Na farko a gaskata ta in ta ce tana ciwo, ko da ido bai ga rauni ba, wannan kuwa yana kan miji da dangi. Na biyu a gaya mata gaskiya cikakkiya, da abin da aka sani da inda sani ya tsaya, wannan yana kan likita. Na uku a samu wani a kusa da ita wanda ya san sunan ciwonta da hanyar da za ta bi, wannan kuwa yana kan masu ilimin garinsu. Yawan masu cuta shi ke nuna wa hukuma inda za ta fara, amma ƙarancinsu bai taɓa zama uzuri ga wanda ya sani ya yi shiru ba. Hutu yana tafe, kowannenmu zai koma garinsu, kuma a kowane gari akwai gidan da ake cewa wance ta cika kukan ciwon kai. Ya kamata wani ya tambaye ta ko tana jin ƙara a kunne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.